Renon Hannun Yaro Mai Jifa

Wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan wasanni da lafiyar matasa, wanda ke zuwa muku daga nan Jalingo, babban birnin jihar Taraba.  

Yau maganarmu a kan yaro mai jifa ne. Kowace unguwa tana da irinsa. Shi ne wanda idan mangwaro ya nuna a can ƙololuwa ake kira ya kaɗo shi da jifa ɗaya, shi ne kuma ake turawa gonar shinkafa korar tsuntsaye saboda hoge ba ya kuskure masa. Mu a nan mun ɗauki abin a matsayin ƙiriniya. A wasu ƙasashe kuwa irin wannan hannu sana'a ce mai tsoka, akwai mutanen da aikinsu ke nan yawon duniya suna neman sa. Abin da nake so mu fahimta kafin mu rabu shi ne yadda ake renon wannan baiwa har ta kai gaci, ba tare da an nakasa mai ita ba.

Wasan da ya fi kowane girmama mai jifa shi ne besbol, wanda ya yi ƙarfi a Amurka da Japan da Kyuba da Jamhuriyar Dominika. Kowane ɓangare 'yan wasa tara ne. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, ya jefa ƙwallo mai tauri wadda nauyinta bai wuce giram 149 ba, zuwa ga abokinsa mai cafkewa da ke tsugune. Tazarar da ke tsakani mita 18 ne da 'yan kai. A gaban mai cafkewa akwai ɗan wasan abokan hamayya riƙe da kulki, yana jiran ya maka wa ƙwallon duka. Dole jifan ya bi ta saman wani faranti mai faɗin santimita 43, tsakanin gwiwar mai kulki da ƙirjinsa. In mai kulki ya kasa taɓuka komai a kan kyawawan jifa uku, ya fita. Gwanayen duniya suna jefa ƙwallon da gudun kilomita 150 zuwa 160 a awa guda, wato kafin rabin daƙiƙa ta cika ta riga ta isa.

Wani zai ce ina ruwanmu da wasan Amurkawa? To, Najeriya ta daɗe da shiga cikinsa. A gasar wasannin Afirka ta 1999 a Johannesburg, da wadda aka yi a Abuja a 2003, 'yan wasanmu na besbol sun ciyo lambar azurfa, Afirka ta Kudu ce kaɗai ta sha gabansu. A Ilorin akwai filin da aka gina domin wasan. Kuma a gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles za a sake buga shi. Bayan haka, duk abin da za mu faɗa yau ya shafi yaron da ke buga ƙwallon hannu, da mai jifan mashi a gasar makarantu, da mai wasan kurket. Kafaɗa ɗaya ce, gwiwar hannu ɗaya ce, hatsarin ma ɗaya ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, bari mu leƙa ƙasar Uganda, domin a can ne labarin da ya fi kama da namu yake. A farkon shekarun 2000 wani Ba'amurke mai suna Richard Stanley ya soma tallafa wa wasan besbol na yara a ƙasar, daga baya aka gina makarantar kwana mai filin wasa, inda yaro zai yi karatu da safe ya yi atisaye da yamma. A 2012 yaran garin Lugazi suka zama tawagar Afirka ta farko da ta buga gasar duniya ta yara a garin Williamsport na Amurka. A 2015 wata tawagar Uganda ta koma, ta doke Jamhuriyar Dominika da ci 4 da 1, alhali Dominika ƙasa ce da besbol ya zame mata jini da tsoka. A 2022 ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta ɗauki matasa biyu 'yan Uganda, Ben Serunkuma da Umar Male.

Sai kuma a watan Janairun 2023 ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta rattaba hannu da wani yaro mai jifa ɗan shekara 16, David Matoma. Aka tura shi gasar sababbin shiga da ake yi a Jamhuriyar Dominika, inda na'urar auna gudu ta nuna jifansa ya kai kilomita 160 a awa. Abin lura shi ne yadda ƙungiyar ta bi da shi. Da ta ga wannan ƙarfi, ba ta ɗora masa wasa duka a wuya ba. A duk kakar wasansa ta farko bai kai zagaye 20 yana jifa ba (zagaye ɗaya shi ne jifa har sai an fitar da masu kulki uku), alhali babban mai jifa a gasar manya yakan haura zagaye 150 a shekara. Kaɗan-kaɗan ake sa shi, a cire shi, a bar hannun ya huta. Mutanen da suka zuba kuɗinsu a kansa, waɗanda suka fi kowa ƙagara su ga riba, su ne suka fi kowa lallaɓa shi. Ku duba tsawon tafiyar kuma: daga fara tallafin Stanley zuwa fitowar Matoma, kusan shekara 20 ke nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Me ya sa suke wannan taka-tsantsan? Saboda abin da ke cikin gwiwar hannu. A gefenta na ciki, wato ɓangaren da ke kallon haƙarƙari, akwai wata 'yar gajeruwar jijiya da ta ɗaure ƙashin damtse da na sangalin hannu. Duk sanda mai jifa ya ja hannu baya ya wurgo shi gaba, wannan jijiya ce ke shan wahalar. Kamar igiyar guga take. Ba ranar da aka saye ta take tsinkewa ba, zare ɗaya-ɗaya take saki a bakin rijiya, ba mai lura, sai ranar da guga ya faɗa. A 1974 wannan jijiya ta tsinke wa wani ɗan wasan Dodgers mai suna Tommy John. Likita Frank Jobe ya ciro wata jijiya daga ɗaya hannun nasa ya dasa masa, ya dawo fili a 1976, ya ci gaba da wasa har 1989. Tun daga nan ake kiran aikin da sunansa. Amma jinyarsa takan ci shekara guda zuwa shekara da rabi, ga tsada, kuma ba kowa ke dawowa yadda yake ba. Abin baƙin ciki, wani bincike da aka yi a Amurka kan shekarun 2007 zuwa 2011 ya nuna fiye da rabin waɗanda aka yi wa wannan tiyata matasa ne 'yan shekara 15 zuwa 19.

Ƙaramin yaro kuma yana da nasa hatsarin daban. A ƙarshen ƙasusuwansa akwai guringuntsi mai laushi wanda ta nan ne ƙashi ke ƙara tsawo, kuma na gwiwar hannu ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 15 zuwa 17. Kafin lokacin, guringuntsin ya fi jijiyar rauni. In aka matsa wa yaro da jifa, wurin yakan kumbura, wani lokaci ma ɗan ɓallin ƙashi ya rabu. Yaron da aka yi wa haka yana iya girma hannunsa bai miƙewa sosai har abada.

To, yaya ake kauce wa wannan? Abu na farko, a koya wa yaro jifa da dukan jikinsa. Bari in kwatanta muku, kuma wanda ke da ƙwallo ko lemo a kusa ya ɗauka ya gwada. Ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya a saman ƙwallon, su gitta ɗinkin, babban yatsa kuma ya tallafe ta daga ƙasa. Kada ka danna ta cikin tafin hannu, bar ɗan sarari, riƙon ya zama sakwa-sakwa. Idan da dama kake jifa, juya kafaɗarka ta hagu ta kalli inda za ka jefa. Ɗaga gwiwar ƙafar hagu, ka tsaya daram a kan ta dama. Sannan ka tunkuɗa ƙasa da ƙafar dama, ka yi dogon taku da ta hagu kai tsaye zuwa wurin mai cafkewa. Ƙugu ne zai fara juyawa, ƙirji ya biyo, hannu ya zo a ƙarshe, gwiwar hannu tana daidai da tsayin kafaɗa. Bayan ka saki ƙwallon kada ka taka wa hannun birki, bar shi ya gangara har wajen gwiwarka ta hagu, bayanka ya sunkuya. Wanda ya yi haka zai ji a cinyarsa da ƙugunsa aikin yake. Yaron da ke tsaye ƙiƙam yana finciko jifa daga kafaɗa kawai, shi ne yake cin bashin da gwiwar hannunsa za ta biya.

Kuma a fara da saiti kafin gudu. A zana murabba'i da gawayi a jikin katanga, yaro ya riƙa neman tsakiyarsa daga mita 14, wadda ita ce tazarar yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa. Ya ƙware a miƙaƙƙen jifa, sannan ya koyi jifan yaudara, wanda hannu ke tafiya da sauri amma ƙwallo ta zo a hankali saboda an canja riƙo. Jifa mai lanƙwasa a bar shi sai jiki ya yi ƙwari. Gudu kuwa yana zuwa da kansa idan ƙafa da baya suka yi ƙarfi, tsawo ya ƙaru.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda ake renon yaro mai jifa. Mun zo abu na biyu, wato ƙirge. Tun 2007 hukumar gasar yara ta Little League ta kafa doka a kan yawan jifan da yaro zai yi a wasa a rana guda. Iyaye da malamai, ku ɗauko biro. Ɗan shekara 7 zuwa 8, jifa 50. Ɗan shekara 9 zuwa 10, jifa 75. Ɗan shekara 11 zuwa 12, jifa 85. Ɗan shekara 13 zuwa 16, jifa 95. Wannan iyaka ce, ba a ce dole sai an kai ta ba.

Ƙirgen ba ya bukatar wata na'ura. A samo gwangwani biyu. In yaron ɗan shekara 10 ne, a zuba tsakuwa 75 a ɗaya, a ba wani yaro ya zauna a bakin fili. Duk jifa ɗaya, ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya jefa a ɗaya gwangwanin. Idan na farko ya zama wayam, mai jifa ya gama na yau, ko da wasa ya yi zafi, ko da saura ƙiris a ci kofi. Daga nan a rubuta adadin da kwanan wata a littafi. Koci nagari yana da wannan littafi, kuma ba ya jin haushi idan uba ya ce a nuna masa.

Abu na uku, hutu. A dokar tasu, yaro ɗan shekara 14 zuwa ƙasa in ya yi jifa 21 zuwa 35, zai huta kwana 1. Daga 36 zuwa 50, kwana 2. Daga 51 zuwa 65, kwana 3. In ya kai 66 ko fiye, kwana 4 cur. A 2014 hukumar gasar manya ta Amurka ta fitar da shawarwari ga iyaye, a ciki har da cewa yaro ya ajiye jifa na wata 4 a kowace shekara, aƙalla wata 2 ko 3 a jere. Kada ya yi wa ƙungiya biyu jifa a lokaci guda, kuma kada ya gama jifa a mayar da shi mai cafkewa a ranar, domin shi ma mai cafkewa jifa yake yi. A watannin hutun ba zama zai yi ba. Ya buga ƙwallon ƙafa, ya yi gudu, ya yi langa, jiki ya ginu ta kowane ɓangare.

Waɗannan alƙaluma ba da ka aka tsara su ba. Wata cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa da ke Birmingham a jihar Alabama ta bi diddigin yara masu jifa 481 har tsawon shekara 10. Sakamakon da ta fitar a 2011 ya nuna yaron da ya haura zagaye 100 a shekara ya ninka sauran sau uku da rabi wajen samun mummunan rauni. Wani binciken cibiyar na 2006 ya gano cewa matasan da suka saba yin jifa alhali hannu ya gaji sun ninka sauran sau 36 wajen kaiwa ga tiyata. Sau 36, jama'a.

Saboda haka dole babba ya iya karanta gajiya a jikin yaro, don yaro ba zai faɗa ba. Yana tsoron a ce masa rago, yana tsoron a ba wani gurbinsa. Ku sa ido: gwiwar hannu ta fara sauka ƙasa da kafaɗa, ƙwallo ta fara tashi sama tana kauce wa saiti, yana yarfe hannu bayan kowane jifa, yana murza gwiwar hannu a ɓoye, yana jan lokaci kafin ya sake jefawa. Da an ga haka a cire shi. Idan kuma akwai ciwo a cikin gwiwar hannu ko a kafaɗa wanda ya kwana bai tafi ba, ko hannu ya ƙi miƙewa, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka riƙa yin sanyi kamar ba nasa ba, to maganar ta wuce a shafa man zafi. A kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru a nan cikin gari. Kada a ja hannun ko a murɗe shi da sunan gyaran targaɗe kafin a san abin da ke ciki. Ina kuma roƙonku da babbar murya, kada wani ya ba yaro ƙwayar kashe zafi don ya ƙarasa wasa, balle tiramol. Zafin nan shi ne ƙararrawar da jiki ke bugawa, wanda ya kashe ta ya bar yaro yana yi wa kansa ɓarna bai sani ba.

A haɗa da abinci da ruwa. Mun san zafin Jalingo a watan Maris da Afrilu, don haka atisaye ya zama da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a bakin fili. Abin gina jiki kuwa Allah ya hore mana: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, da kifin Binuwai. Yaro mai tasowa ya samu barcin dare isasshe, domin a cikin barci ne jiki ke gyara abin da atisaye ya taɓa.

Abu na huɗu ba a fili yake ba, a cikin akwatin uwa yake, wato takardar haihuwa. A 2011, shekara guda kafin tafiyar yaran Lugazi, wata tawagar Uganda ta riga ta ci gurbin zuwa gasar duniya. Yaran sun yi nasara a fili, amma aka hana su bizar Amurka saboda takardun shekarunsu sun saɓa wa juna. Haka suka zauna a gida. Ƙungiyoyin Amurka ba sa ɗaukar yaron waje sai ya kai shekara 16, kuma suna bincikar shekaru ƙwarai. Mu ma nan mun san yadda rage shekaru ya zubar mana da mutunci a ƙwallon ƙafa. Ku je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ku yi wa 'ya'yanku rajistar haihuwa tun suna jarirai, kuma ranar da ke takardar ta zama ita ce a makaranta, ita ce a fasfo. Ƙarya a shekaru tana cutar da hannu ma, domin duk ƙirgen da muka lissafa a kan shekarun gaskiya aka gina shi.

Sai makaranta. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, wanda shi ne haifaffen Afirka na farko da ya buga babbar gasar Amurka, an ɗauke shi a 2008, bai taka wannan matsayi ba sai a Afrilun 2017. Rinku Singh na Indiya, ɗan ƙauye mai jifan mashi, ya ci gasar neman masu jifa a 2008, Pirates ta ɗauke shi, ya yi shekaru a ƙananan rukunoni, bai kai babbar gasar ba. Mafi yawan waɗanda ake ɗauka haka suke ƙarewa. Wanda ya riƙe karatunsa, in wasa ya ƙi, yana da abin komawa, yana iya zama koci, ko malamin motsa jiki, ko likitan 'yan wasa. Ku kuma yi hattara da masu zuwa da sunan wakilai suna cewa a sayar da gona ko shanu a biya kuɗin fitar da yaro waje. Ƙungiyar gaskiya ita ke biyan ɗan wasa, kuma ba ta gudun a tantance ta a ma'aikatar matasa da wasanni.

Kirana ga hukumomin wasanni na jiharmu da shugabannin makarantu shi ne a buɗe wa yaranmu ƙofar wasannin jifa. Ga filin wasa na Jolly Nyame, ga Jami'ar Jihar Taraba, ga filayen makarantu birjik. A fara da horar da malaman motsa jiki a kan ƙirge da hutu tun kafin a sayo ƙwallo da kulki. Ku kuma masu horarwa, ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane, kada kwaɗayin kofin unguwa ya sa ku ƙarar da hannun yaro yana ɗan shekara 12. Iyaye, ku riƙa zuwa fili, ku tambayi jifa nawa ɗanku ya yi yau, kwana nawa zai huta. 'Ya'ya mata ma suna da irin nasu wasan mai suna sofbol, kuma kulawar da suke bukata ba ta gaza ta maza ba. Kai kuma ɗana mai jifa da ke saurarena, idan hannunka ya yi ciwo ka faɗa, faɗin ba ragwanci ba ne.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Wanda ya ji ya sanar da wanda bai ji ba, musamman malamin wasannin makarantar 'ya'yanku. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya ba jiharmu zaman lafiya.